BMW 530e a Jidda: amsa ga Alhajin da aka ce wa "ba ta shan mai"

Wani dattijo ɗan kasuwa da ke zaune a Jidda ne ya aiko da tambayar. An yi masa tayin BMW 530e ta hannu, ƙirar 2021, a wani ma'arad, wato wurin sayar da motoci. Kullum yana zuwa shagonsa a Balad, tsohon cikin garin Jidda, ya dawo, tafiya da dawowa ba su wuce kilomita 30 ba. Ranar Juma'a yakan tafi Makka, sau uku ko huɗu a shekara yana kai baƙi Madina, idan zafi ya tsananta kuma iyali su hau Ɗa'ifa. Dillali ya ce masa motar ba ta shan mai. Yana so ya san ko gaskiya ne, ko zafin ƙasar nan zai kashe batirin, da kuma yadda take a hannu.

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Shekaruna da dama ina aikin wayarin da kwamfutar motocin Jamus a Sana'iyya, unguwar makanikai, kuma irin wannan motar ta sha shigowa hannuna. Ka faɗi komai a tambayarka sai abu ɗaya, shi ne kuwa ginshiƙin amsar: a ina motar za ta riƙa kwana? Idan gidanka yana da haraba ko gareji mai inuwa, da bangon da za a iya jawo wa wuta, to akwai magana. Idan a bene kake haya, mota tana kwana a bakin titi duk inda ka samu gurbi, ina roƙonka ka bar ta. Motar da aka ƙera don a jona mata caji kowane dare, idan ba a jona mata, ta zama motar fetur ce kawai mai ɗauke da kayan da ba ya mata aiki.

Bari in buɗe maka cikinta, don sai ka san ginin za ka gane halinta.

A gaba akwai injin fetur mai silinda huɗu, lita 2, da turbo, ƙarfin doki 184. A bayansa akwai giya mai hawa takwas ta kamfanin ZF, irin wadda BMW ke sa wa yawancin motocinta. A motar fetur zalla, tsakanin inji da giya akwai wani kasko mai cike da mai, wanda makanikan nan ke kira baɗɗiha, wato kankana, saboda siffarsa. A 530e an cire kankanar nan, an zaunar da injin lantarki mai ƙarfin doki ɗari da 'yan kai a gurbinta, aka sa kuloci tsakaninsa da injin fetur. Idan kulocin ya buɗe, injin fetur yana barci, lantarki kaɗai ke juya giya. Idan ya rufe, su biyun suna ja tare, ƙarfinsu ya kai doki 252, kuma a ƙirar da aka sabunta a 2020 akwai ƙarin doki 40 na tsawon daƙiƙa goma da suke kira XtraBoost, ya zama 292. Abin da nake so ka riƙe shi ne, injin lantarkin yana bi ta cikin giyar ne. Shi ya sa ko babu fetur a cikin tafiyar za ka ji tana canza giya, a hankali, kamar kowace BMW. Volvo S90 ta bi wata hanya dabam, injin fetur yana jan tayoyin gaba, lantarki yana tura na baya. Ni dai na fi son tsarin BMW da Marsandi, domin motar ba ta sauya ɗabi'a tsakanin lantarki da fetur, tayoyin da ke tura ta su ne dai ke tura ta.

Batirin yana ƙarƙashin kujerar baya. Na farkon da suka fito a 2017 yunit 9.2 ne, daga 2019 aka mayar da shi 12. Yunit ɗin nan shi ne dai kilowat-awa da kake gani a takardar kuɗin wuta. Da yake batir ya karɓe wurin tankin mai, sai aka matsar da tanki baya aka rage shi, ya koma lita 46 maimakon 68, but kuma ya ragu daga lita 530 zuwa 410. A takarda ba ya da yawa, amma ranar da ka ɗauko baƙi uku daga filin jirgi, kowa da akwatinsa, ko ka dawo daga Madina da kwalayen dabino da jarkokin zamzam, ranar za ka san an rage. Safayar taya ma babu. Nauyi kuma ya ƙaru da kimanin kilo 200 a kan 'yar uwarta 530i.

Yanzu maganar mai. Dillalin bai ƙirƙiro lambar da kansa ba, a takardun Turai an rubuta ƙasa da lita 2 a kilomita 100. Amma gwajin da ake fitar da lambar ana yin sa ne a ɗaki mai zafin digiri 23, esi a kashe, batir a cike, kuma lissafin yana ɗauka cewa mafi yawan tafiyarka a kan lantarki za ka yi. Hukumar Tarayyar Turai da kanta ta fitar da rahoto a 2024 daga bayanan motocin da aka yi wa rajista a 2021, inda ta samu cewa irin waɗannan motocin suna fitar da hayaƙi ninki uku da rabi na abin da gwaji ya nuna. Babban dalili shi ne mutane ba sa cajin su yadda aka zata.

Mu yi lissafin Jidda. Ana rubuta mata sama da kilomita 50 a kan caji ɗaya. Abin da nake gani a nan, da esi a kunne da cunkoson Titin Madina na cikin Jidda, kilomita 30 zuwa 35 ne ga batir mai lafiya. Wannan ya yi daidai da zuwanka shago da dawowa, saura kaɗan. Cika batirin zai ci maka kusan yunit 12 daga bango. Wutar gida halala 18 ce kowane yunit har zuwa yunit 6,000 a wata, daga nan ta koma halala 30, ga harajin kashi 15 a kai (halala ɗari ce riyal ɗaya). Ke nan riyal biyu da rabi, ko riyal huɗu da ɗoriya idan gidanka babba ne kuma esi ya tura ku mataki na sama a watannin zafi. Tafiyar nan a kan fetur, a ce lita 10 a kilomita 100 cikin gari, za ta sha lita uku da rabi na fetur mai lamba 95, wanda ake sayarwa riyal 2.33 tun da aka daskarar da farashi a Yulin 2021. Riyal takwas ke nan. Ribarka a rana ba ta wuce riyal huɗu zuwa shida ba, a shekara ta tsaya tsakanin 1,500 da 2,000. Gyara ɗaya a ɓangaren lantarki zai iya haɗiye ribar shekaru. A Jamus, inda litar fetur ta ninka tamu kimanin sau uku, lissafin yana da ma'ana. A nan, wanda ya saye ta don tsimin mai ya yi kuskuren dalili.

To me ya sa nake ƙaunarta duk da haka? Saboda tuƙinta.

Na taɓa fita da wata gwaji kafin asuba, bayan na gama aiki a kanta. Na danna maɓalli, allo ya kawo haske, babu ƙara ko ɗaya. Na sulale daga layin, abin da nake ji kawai ƙarar taya a kan tsakuwa da iskar esi. Wani tsoho da ke tafiya masallaci a gabana bai san da ni ba sai da hasken fitila ya faɗa a kan rigarsa. Wannan shirun shi ne ainihin abin da kake saye. A cunkoson la'asar, inda motar fetur ke ta rawar jiki tana kashe kanta tana tayarwa, wannan tana tsaye cak, sanyi yana zuba, da ka ɗaga ƙafa daga birki ta zame gaba kamar jirgin ruwa. Injin lantarki yana ba da duk ƙarfinsa tun daga tsaye, ba ya jiran turbo ta cika. Don haka a shataletale, inda ake buƙatar ka shiga da zarar ka ga gurbi, tana amsa ƙafarka nan take. Ga mai shekaru, ko mai ɗaukar manyan baƙi, wannan kwanciyar hankali ba ƙaramin abu ba ne.

Idan ka taka totur da ƙarfi, kulocin nan zai rufe, injin fetur ya farka. A mota mai lafiya ba za ka ji komai a jikinka ba sai sauti. Sautin kuwa na silinda huɗu ne, ba shi da zaƙin na shida, kuma bayan shirun da ka saba da shi kunne yana saurin kama shi. Tana kai gudun 100 cikin kimanin daƙiƙa shida, wanda ya ishi kowane mai hankali a ƙasar da kyamarar Sahir, mai kama masu gudun wuce ƙa'ida, ke jiran kowa. A kwana za ka ji nauyin nan na baya. Da yake yana ƙasa sosai, motar ba ta karkata, tana manne da titi, amma idan ka haɗu da tudun rage gudu ko ramin da ba ka gani ba, bayanta yana sauka da nauyi fiye da na 530i. Shawarata, ka guji mai manyan ƙafafu inci 20. Inci 18 ya fi dacewa da titunan cikin unguwa.

Birki shi ne wurin da sabon hannu ke ɗan jin baƙunta. Farkon takawarka ba faifan birki ne ke aiki ba, injin lantarki ne ke juyewa ya zama janareta, yana riƙe motar yana mayar da ƙarfin cikin batir. Sai ka ƙara nauyin ƙafa, ko gudu ya ragu sosai, sannan birkin gaske ya karɓa. A wurin miƙa aikin nan, dab da tsayawa, akwai ɗan canji da ƙafa ke ji. Kwana uku ka saba.

Wannan ya kawo ni ga hanyar Hada, wato hanyar dutsen da ake hawa Ɗa'ifa, inda motar ke nuna abin da motar fetur ba za ta taɓa yi ba. Daga Makka zuwa ƙolin dutsen hawan ya haura mita 1,500. A hawa, iska tana raguwa, injin da ba shi da turbo yana shaƙewa, amma lantarki bai san da tsayi ba, yana cike wa injin gurbi duk lokacin da ka fito daga kwana. Kafin ka fara hawan, ka danna maɓallin Battery Control tun daga Jidda don ta adana caji, kada ka iso gindin dutse batir a ƙarshe. A saukowa kuma sai akasin haka: ka fara gangara batir yana da wurin karɓa. Mota mai nauyin kusan tan biyu da ke sauka mita 1,500 tana sakin ƙarfin da ya kai yunit bakwai zuwa takwas. A motar fetur kaso mai yawa na wannan ƙarfin zafi yake zama a faifan birki, shi ya sa kake jin warin ƙauri a wuraren da mutane ke tsayawa kallon birai. A wannan, wani kaso mai kyau yana komawa batir. Za ka ga lambar kilomitar lantarki tana hawa kana sauka, ka iso ƙasa birkinka da sanyi. Idan kuwa ka cika ta fal a Ɗa'ifa kafin ka taso, babu inda za ta zuba ƙarfin, aiki ya koma kan birki, sai ka riƙe ta da ƙaramar giya kamar kowace mota.

Hanyar Makka, kimanin kilomita 80, idan ka bar ta a kan lantarki da gudun babbar hanya, kafin ka wuce Bahra, garin da ke tsakanin Jidda da Makka, cajin ya ƙare. Tana iya gudun 140 a kan lantarki zalla, amma ɓarna ce. Ka bar fetur ya yi aikin babbar hanya, ka ajiye cajin don cunkoson shiga Makka, inda ake tafiyar kunkuru. Madina kuma, sama da kilomita 400, motar fetur ce daga farko har ƙarshe. Tana zaune daram a gudun 140 a inda doka ta yarda da shi, gida shiru, amma tankin lita 46 zai kai ka ne ba da rara mai yawa ba. Ka cika kafin ka bar Jidda. Wani ɗan abu: tankinta a rufe yake da matsin iska, sai ka danna maɓalli a ciki ka jira 'yan daƙiƙu kafin murfin ya buɗe. Ka gaya wa yaron gidan mai kada ya ɓanɓare shi.

Sai zafi, wanda shi ne ya fi damuna. Batirin lithiyom ba ya mutuwa rana ɗaya saboda zafi, tsufa yake yi da wuri, kuma ya fi tsufa idan ya zauna a cike cikin rana. A wannan motar, abin da ke sanyaya batirin shi ne gas ɗin esin da ke sanyaya ka. Kwamfireso ɗaya ne, mai aiki da babbar wutar batir, ba da bel ɗin inji ba. Amfaninsa, za ka iya sa lokaci motar ta sanyaya kanta kafin ka fito daga shago, inji a kashe. Haɗarinsa, ranar da esi ya yi rauni, batir ma ya shiga wahala.

A wani watan Agusta an kawo min ɗaya, mai ita yana kukan ta daina tafiya a kan lantarki da rana, sai da dare. Ya riga ya yanke cewa batir ya mutu. Da na jona kwamfuta, batir lafiyarsa ƙalau, zafi ne ya yi masa yawa, motar tana kare shi. Na haska fitila ta cikin hancin gaba, sai ga lagireton esi ya toshe da ƙura da gashin tsuntsu kamar an liƙa masa bargo. Da na ƙara bincike, ashe wani mai gyaran esi na bakin hanya ya ƙara mata gas da man kwamfireso na motocin da aka saba, alhali kwamfireson lantarki yana da nasa man wanda ba ya wuce da wuta. Sai da muka wanke layin gaba ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, domin mutumin kirki ne, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa esin motarsa ba na kowa ba ne. Duk wayar da ka gani mai launin ruwan lemo a cikinta tana ɗauke da wuta sama da bolt 300. Ba wurin gwaji ba ne, kuma ba kowane bakanike ya kamata ya sa hannu ba.

Don haka ka ajiye ta a inuwa, ka yi cajin da dare, ka sa esi cikin abubuwan da ake dubawa kafin kowane bazara. Idan za ka tafi gida Najeriya wata ɗaya ko biyu, kada ka bar batirin a ƙarshe, kada kuma ka bar ta a filin rana. Baƙin mai a canza shi a kan lokaci ko da injin bai yi aiki sosai ba, domin injin da ke tashi na minti biyu ya mutu ya fi tara datti a mai. Lokacin ruwan Jidda kuma, wanda duk wanda ya ga na Nuwamban 2009 ko na 2022 ya san shi, ba a shiga ƙarƙashin gada da ita.

Caji a gida kawai za ka dogara da shi. Wannan ƙirar ba ta karɓar caji mai sauri, iyakarta kilowat 3.7, wato kimanin awa uku da rabi a na'urar bango, kusan awa shida a soket. Tashoshin da kamfanin EVIQ ke kafawa, wanda Asusun Zuba Jari na gwamnati da kamfanin wutar lantarki suka kafa a 2023 da burin caja 5,000 kafin 2030, galibi na motocin lantarki zalla ne, ba za su amfane ka a hanyar Madina ba. Ka kira mai wayarin ya jawo mata layinta daban da nata abin yanke wuta da wayar ƙasa mai kyau. Tsofaffin gidajen Jidda da yawa har yanzu akwai layin wuta mai bolt 127 a cikinsu, wasu kuma babu wayar ƙasa sam. Kada a yi mata jone-jonen waya daga ɗaki. Awa shida tana jan wuta ba tsayawa, soket mai sako-sako narkewa yake yi.

Idan babu wurin caji amma kana son shirun cikin gari da sauƙin mai, Lexus ES 300h ta fi dacewa da kai. Ba a jona ta, tana cajin kanta, but ɗinta cikakke ne, makanikan da suka san tsarin Toyota kuma suna ko'ina. Ba ta da kaifin BMW a kwana, idan ka matsa mata injin yana ɗaga murya, amma ba za ta nemi komai daga gare ka ba. Idan kuma aljihu ya kai, sabuwar 530e da ta fito a 2023 batirinta ya haura yunit 19, ana rubuta mata kusan kilomita 100, sabuwar Marsandi E 300 e ma nata ya haura 25. Waɗannan su ne za su iya kusantar Makka a kan lantarki.

Wannan da aka yi maka tayi, kada ka ba da ko riyal ɗaya na kafin alƙalami sai ka buɗe murfin cajin da ke gefen hagu na gaba, bayan taya. Idan ramuka bakwai ne da saman da ya baje, irin na Turai da nan ne. Idan biyar ne a zagaye, wataƙila daga Amurka aka shigo da ita, sai ka tsananta bincike a kan haɗari da ruwa, ka ciro rahoton Mojaz, wato takardar tarihin motar, ka ɗaga kafet ka shinshina. Ka kai lambar shasi wurin wakilin kamfani a duba maka abu biyu: ko garantin batir yana nan, da kuma ko tana cikin motoci sama da 26,000 da BMW ta ce a mayar don gyara a ƙarshen 2020 saboda datti da ya shiga wasu ƙwayoyin batir a masana'anta. Motar da ake kira ƙirar 2021 tana iya zama an haɗa ta a tsakiyar 2020, don haka a tabbatar an yi mata aikin. Sannan a jona kwamfuta a karanta maka ƙarfin da ya rage wa batirin, a rubuce.

Gwaji na ƙarshe kai za ka yi da hannunka. Ka ce su cika ta da dare, ka zo da azahar lokacin da rana ta take, ka sa ta a Electric, wato lantarki zalla, esi a kan yadda kake so, ka bi hanyar shagonka ka dawo. Ka lura da kilomitar da injin fetur zai farka da kansa. Idan ta kai ka 30, ku zauna ciniki. Idan ta tsaya ƙasa da 20, ka mayar musu da makulli.